Yadda Na Kusa Saya wa Sitti Hawwa Bene da Sisi Guda

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na tsaya gaban mutum goma sha wani abu a unguwar Tandabawi ta Makka, cikin sabuwar jallabiya mai karin guga, da madubin ƙara girma rataye a wuyana kamar likitan ido, na buɗe baki na jawo wa kaina sunan da har yau ake tsokanata da shi. Na yi ƙoƙarin mantawa, wallahi na yi. Mutanen Jarwal ne ba su yarda ba.

Lokacin shekarata shida a Makka. Ina aiki a wani shagon tsarabar alhazai a unguwar Jarwal: carbi, dardumar salla, turare, kwalli, zobba, da agogon nan mai kiran salla da ke lalacewa tun kafin alhaji ya isa gida. Mai shagon, wanda kuma shi ne kafilina mai tsaya mini a takardun zama, Abu Fahad ake ce masa. Haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga ƙasar Katsina da ƙafa ya zauna. Hausarsa rabi da rabi ce, idan ya fara magana da ita sai ya ƙarasa da Larabci. Sai abokin aikina Isufu, mutumin Maraɗi, ya girme ni da kusan shekara goma. Isufu ba ya magana sai ta zama dole, idan kuma ya yi ta, ba ta da daɗi, amma gaskiya ce (wannan shi ne babban aibinsa).

Duk wanda ya yi kasuwanci a Makka ya san yadda gari ke zama idan alhazai suka watse. Shago ya yi tsit, kana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kamar tana yi maka ta'aziyya. A irin wannan zaman banzan ne na faɗa kallon bidiyon masu tara tsofaffin sulalla a waya. Da farko don kashe lokaci ne. Cikin mako biyu na zama wani mutum daban.

A nan na koyi cewa akwai wasu sulalla da ba don kashewa ake buga su ba, don masu ajiya ake yi. Masu harkar suna ce musu buruf. Ana goge ƙarfen kafin a buga, a buga shi fiye da sau ɗaya, ya fito fili kamar madubi, hoton da ke kai ya taso raɗau, sannan a rufe su cikin roba mai tauri don ko iska kada ta taɓa su. Na kuma koyi cewa a kan sulallan Amurka akwai wani ɗan mitsitsin harafi kusa da shekarar bugu, wanda ke nuna garin da aka buga. Na San Faransisko, inda ake buga buruf, harafinsa S. To sai wani mai bayani ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni: wai a shekarar 1975 an yi kuskure, aka buga ɗan ƙaramin sulen nan nasu na santi goma, buruf, aka manta ba a sa masa S ba. Biyu kacal aka sani a duk duniya. Kuɗin guda ɗaya, in ji shi, ya isa ya sayi gida.

Ni dai sisi nake ce wa wannan ɗan sule, don girmansa bai wuce sisinmu na da ba. Daga ranar na shiga neman sisi marar harafi.

Na je wajen wani mai gyaran agogo na sayi madubin ƙara girma, na ɗaura masa igiyar carbi na rataya a wuya. Babu ƙarfen da ya tsira daga gare ni. Halalar canji, ƙananan sulallan Saudiyya, na duba. Sulallan da alhazai ke mantawa a kan teburi, na Turkiyya, na Malesiya, na Masar, duk na duba. Har murfin kwalbar turare na taɓa kifawa ina neman harafi. Wata rana wata baiwar Allah 'yar Indunusiya ta tsaya tana jiran canjinta ni kuwa na kafa masa ido ɗaya, ɗayan a rufe.

"Malam," in ji Isufu, "ka ba matar nan kuɗinta. Jirginta ba zai jira bincikenka ba."

Abu Fahad shi abin dariya yake ba shi. Shi ya fara kirana habir, wato gwani. Ni kuma, saboda ƙarancin wayo, na ɗauka yabo ne. Har nakan amsa da "Na'am" cikin wata murya mai nauyi.

Ranar wata Laraba ya shigo da wani tsohon gwangwanin alewa a hammata, ya dire mini.

"Ya habir, ga aiki. Na ummi ne. Shuf mana, duba ko akwai wani abu."

Mahaifiyarsa, Sitti Hawwa, tsohuwa ce da kowa ke ji da ita. Marigayi mijinta ya yi shekaru yana saukar da alhazai a gidansu na Nakkasa, kuma duk sulen da baƙo ya bari ko ya ba shi don tunawa, cikin gwangwanin nan yake jefawa. Da aka zo rushe unguwar, an ce komai ta bari aka loda a mota, amma gwangwanin a cinyarta ta riƙe shi har Tandabawi, inda suke haya yanzu a hawa na uku, gidan da babu na'urar hawa, ita kuwa ga ciwon gwiwa.

Bayan Azahar na sayi mutabbak, wata soyayyiyar waina mai nama da ƙwai a ciki, na ci (ku riƙe wannan, mai ne da shi sosai), na haye ɗakin ajiyar kaya na zazzage gwangwanin a kan darduma. Sulalla kala-kala, wasu da huji, wasu sun yi kore. A ƙasa akwai wani abu nannaɗe cikin farin ƙyalle. Na warware, sai ga faffaɗar roba mai tauri, da sulalla shida na Amurka jere a ciki suna walƙiya. Buruf na gaske, na farko da na taɓa gani da idona! Na ɗora madubi. Shekarar 1979. Na duba na farko, ga S. Na biyu, S. Duk shidan S.

"Na kowa da kowa," na ce, na ture su gefe kamar wanda ya saba.

Na ci gaba da tonon sauran. Can sai ga wani ɗan sisi ya gangaro ya kwanta kusa da gwiwata. Na ɗauka. Kan wani tsohon shugabansu, ga rubutu, ga shekara: 1975. Na kai madubi saman shekarar, inda harafi ke zama.

Babu komai.

Na goge madubin da rigata na sake dubawa. Babu. Na koma bakin taga. Babu. Na rufe idon dama na duba da na hagu, ko dai na daman ne ke son zuciya. Fili fetal! Jama'a, na tashi tsaye, na zauna, na sake tashi. Na yi sujada a kan kwalin carbi. Na yi wata 'yar rawa da ban san na iya ba, har kaina ya bugi shiryayye, kwalaben kwalli suka zubo.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni: sisin nawa ba ya walƙiya kamar na cikin robar. Ya yi duhu-duhu, kamar dai sisin da ya sha hannu. Don in tabbatar, sai na ce bari in gwada su gefe da gefe. Na ɗauko sukundireba na ɓanɓare robar, ta yi ƙara ta tsage. Na ciro babban cikinsu, na danna babban yatsana a tsakiyarsa don kada ya suɓuce, na kara shi da sisina. Bambancin a fili yake, ko makaho ya shafa zai ji. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ce ai shekaru ne, kusan hamsin yana gwangwani, dole ya dushe. Taimako kawai yake buƙata.

Na sauka banɗaki na ɗauko burushina da man goge baki. Na zauna na dirje sisin nan gaba da baya, na ɗauraye, na sake dirzawa, na murza shi da gefen rawani har sai da na hango hancina a ciki. Sauran shidan kuwa na mayar da su robarsu na naɗe da salatif.

Isufu na fara nuna wa. Ya kalli sisin, ya kalle ni.

"Abin da ka ce biyu ne a duniya duka?"

"Yanzu sun zama uku."

"Shi ne na ukun ya baro Amurka, ya zo ya kwanta cikin gwangwanin alewa, yana jiran ka gama cin mutabbak?"

"Isufu, da ikon Allah kake ja?"

"A'a. Da kai nake ja."

Na ce hassada ce, na wuce wurin Abu Fahad. Na rufe ƙofar shago tukuna (don tsaro), na yi ƙasa da murya, na zayyana masa komai. Da farko dariya yake. Da na nuna masa hoto a waya, na nuna masa sisin, na nuna masa gurbin da babu harafi, sai dariyar ta ɗauke.

"Wallah? Ya shaikh, kana da tabbas?"

"Abu Fahad, in ban san komai ba a duniya, na san wannan."

Nan take ya kira mahaifiyarsa. Daga inda nake tsaye na jiyo guɗa ta cikin waya. Ya rungume ni, ya sumbaci goshina, ya ce rabona na nan, ba zai manta da ni ba. Ya ce jibi Juma'a a taru a gida a ci abinci, dangi su gani da idonsu kafin a nemi yadda za a kai shi inda ake gwanjon irinsa.

Da yamma na kira matata a Kano. Na ce mata, "Maman Sadik, kada ki gaya wa kowa, amma ki fara tambayar farashin fili a wajen Zoo Road." Ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba.

Kwana biyun nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na sayi sabuwar jallabiya. Na ɗauko ɗan akwatin zobe mai jan karan-miski daga shago na kwantar da sisin a ciki. Na je kantin magani na sayi farar safar hannu, don na ji masu bidiyo suna cewa ba a taɓa buruf da hannu tsirara (wannan ilimin ya zo mini a makare da kwana ɗaya, amma ban tsaya tunani a kai ba). Har gaban madubi na tsaya ina gwada yadda zan ce "San Faransisko" da ɗan lanƙwasa harshe.

Bayan sallar Juma'a muka hau hawa na uku ni da Isufu. Falo ya cika: ƙannen Abu Fahad, surukai, maƙwabta biyu-uku. An shimfiɗa leda, an kawo manyan farantan shinkafa buhari da kaji, ga tsire irin namu da su suke kira siriya. Da na shiga aka ɗauki "Ahlan ya habir! Marhaba ya habir!" Na riƙa ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Wurin zama ya haɗa ni da wani dattijo siriri, mai tsohuwar jallabiya da ta koɗe a wuya, yana cin abinci a hankali da yatsu uku. Na ɗauka irin tsofaffin unguwa ne da ba a rasa su duk inda aka sauke tukunya. Ya dubi abin da ke wuyana, ya yi mini magana da Hausa tsantsa, irin ta mutanen da.

"Ɗana, wannan fa na mene ne?"

Wayyo. Da ma jira nake a tambaye ni. Na ajiye cinyar kaza na juyo gaba ɗaya.

"Baba, wannan ilimi ne mai zurfi, amma zan sauƙaƙa maka. Ka san sule?"

"Na ɗan sani," in ji shi.

"To ba duk sule ne sule ba."

Na yi masa lacca ta kusan rabin awa. Na bayyana masa buruf. Na zana masa S da yatsa a kan leda, cikin man shinkafa. Na ce masa yawancin mutane, musamman na zamaninsu, sun riƙe dukiya a hannu sun sayi goro da ita saboda rashin sani. Yana gyaɗa kai yana cewa "Ma sha Allah." Can sai ya ce:

"To su gidan bugun Filadelfiya fa, a waɗannan shekarun wane harafi suke sawa?"

Ban taɓa jin an yi wannan tambayar ba. Amma wanda ake kira habir ba ya cewa bai sani ba.

"F mana, Baba. Filadelfiya ai da F take farawa."

"Ma sha Allah," ya sake cewa, ya ci gaba da cin shinkafarsa. (Ban ko tsaya na tambayi kaina inda tsohon unguwa ya san Filadelfiya ba.)

Aka kwashe faranti, aka kawo shayi. Aka ajiye wa Sitti Hawwa kujera a bakin ƙofar falo, mata na bayanta suna leƙe ta labule. Na miƙe, na sa safar hannu yatsa bayan yatsa, na buɗe akwatin zobe. Falo ya ɗauki salati. Na zagaya da shi ana kallo, ina gargaɗin kada kowa ya yi numfashi kusa. Na maimaita laccata, wannan karon da ƙarin gishiri.

Sitti Hawwa ta ce, "Ya waladi, ni ba na son komai. Gida kawai mai na'urar hawa, da tagar da zan riƙa hango hasumiyar Harami ina zaune."

Na dafa ƙirji na ce, "Sitti, ki fara zaɓen labule."

Mata suka rangaɗa guɗa. Wani ƙanin Abu Fahad ya fara gardama da surukinsa a kan unguwar da ta fi dacewa. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, ina jin kamar a ɗauke ni hoto a rataye.

Sai Abu Fahad ya ce, "Ammi Haruna, kai ma sa mana albarka ka duba. Shekara arba'in kana canjin kuɗi a bakin Harami, babu kuɗin ƙasar da bai bi ta hannunka ba."

Na waiga in ga wane ne Ammi, wato Kawu, Haruna. Dattijon nan ne. Ɗalibina.

Ya goge hannunsa da tawul a natse, yatsa bayan yatsa. Ya zura hannu a aljihu ya ciro wata 'yar jakar fata da ta yi baƙi don tsufa, ya zaro madubi mai gilashi uku da ke naɗewa cikin juna. Nawa da ke wuya sai ya koma kamar abin wasan yara.

Ya ɗauki sisin ta gefe-gefe, ya karkata shi wajen haske. Ya duba kamar daƙiƙa biyar. Sannan ya yi abin da ban taɓa gani a bidiyo ba: ya kai shi hanci ya shinshina.

"Na'ana'a," ya ce. Ya sake shinshinawa. "Wannan sisin ya fi ni tsaftar baki. Wa ya yi masa burushi?"

Isufu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Na ɗan… share masa ƙura ne, Baba," na ce.

"Ka kyauta masa." Ya miƙo mini madubinsa. "Duba filin. Ka ga zane-zanen nan kamar an ja tsintsiya a kan yashi? Burushinka ne. Buruf ba shi da wannan, filinsa kamar ruwa ne a kwano. Duba bakinsa kuma, ya yi laushi, ya mulmule. Na buruf a tsaye yake, da kaifi, kamar an yanka da wuƙa. Sannan, ɗana, Filadelfiya ba F take sawa ba. P ce, ita ma sai daga baya. A shekarar nan ba sa sa wa irin wannan sule harafi ko ɗaya. Haka suka buga ɗaruruwan miliyoyi, duk babu harafi. Wanda ake nema shi ne buruf da ya rasa S. Naka bai rasa komai ba, haka aka haife shi. A can da irinsa ake ba da canjin cingam."

Wani daga baya ya tambaya da Larabci, to nawa zai yi yanzu? Ammi Haruna ya ce kafin a yi masa wanka santi goma ne, yanzu ma dai santi goma ne, sai dai ya fi ƙamshi.

Isufu ya fashe. Shayi ya fito masa ta hanci. Daga nan falon ya kece gaba ɗaya, har wanda bai jin Hausa sosai sai da aka fassara masa ya bi sahu a makare. Ni ina tsaye da farar safa, hannuwa a sama kamar mai shirin yin tiyata, na rasa inda zan ajiye su.

Na ɗauka an gama. Ashe ba a fara ba.

"Kawo gwangwanin in gani," in ji Ammi Haruna. Aka kawo. Ya ɗaga farin ƙyallen, ya ga robar naɗe da salatif.

"La haula wa la ƙuwwata. Wa ya fasa wannan?"

Duk ido ya juyo kaina.

"Na kowa da kowa ne, Baba," na ce da 'yar muryar da ta rage mini. "Duk suna da S."

"S kala biyu ce a wannan shekarar." Ya ɗora madubi a kan na farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. "Akwai cikakkiya, wadda ta cushe kamar ɗigon kitse, ita ce ta cika kasuwa. Akwai bayyananniya, mai buɗaɗɗen ciki sama da ƙasa, da aka sauya wajen ƙarshen shekara. Ita masu nema ke nema. Waɗannan duka shida bayyanannu ne. Ba za su sayi gida ba, kada wani ya sake yin guɗa. Amma a duk gwangwanin nan su ne abin kirki, da an bar su a rufe."

Ya ciro babban, ya karkata shi. A tsakiyar filin nan mai kama da madubi, ga babban yatsana zaune daram, kowane layi ya fito.

"Wannan kuma ba ya fita," ya ce. "Mai ya riga ya kama ƙarfen. Ko 'yan jawazat, masu kula da shige da fice, ba su taɓa ɗaukar basmar yatsa mai kyau kamar wannan ba. Idan ka ɓata, da shi za a nemo ka."

"Mutabbak ne," in ji Isufu, yana share hawaye. Babu wanda ya tambaye shi.

Aka sake kecewa, amma wannan karon dariyar ba ta yi nisa ba, don Sitti Hawwa ta yi magana. Ta ce wani alhaji ne Ba'amurke, baƙar fata, sabon shiga Musulunci, ya kwanta rashin lafiya a gidansu na Nakkasa. Marigayi ya yi jinyarsa mako uku, har a baki yake ba shi kunu. Da zai tafi ya ba shi wannan robar. Marigayi bai taɓa yarda ko 'ya'yansa su taɓa ta ba, shi ya naɗe ta da wannan ƙyallen da hannunsa.

A nan ne kunyar gaske ta same ni. Ta farko ta dariya ce, wannan kuwa har cikin ƙashi. Na cire safar, na je bakin ƙofa na durƙusa gabanta.

"Sitti, ki yafe mini. Na yi ɓarna, kuma na sa ki rai a banza."

Ta ce a miƙo mata sulen da madubin. Ta rufe ido ɗaya kamar yadda ta ga ana yi, ta daɗe tana lalube kafin ta gano wurin. Sai na ga kafaɗarta ta fara motsi. Ta yi dariya har mayafinta ya zame, har sai da jikarta ta kawo mata ruwa.

"Ya Allah, yatsa kamar na raƙumi!" ta ce. "Tashi, ya waladi. Shi wanda ya ba da, don Allah ya ba da, shi ma wanda ya karɓa ya tafi. Ƙarfe ne. Amma ka sani, labule na riga na zaɓa tun jiya, kore mai ratsin zinariya. Kai za ka zo ka rataya mini shi a wannan tagar da ke kallon bangon maƙwabta."

Na rataya shi kuwa, ranar Asabar, ina kan tsani tana ba da umarni, a karkace ne, a ɗaga, a sauke. Abu Fahad bai kore ni ba, bai ma yi faɗa ba. Abin da ya yi ya fi faɗa ciwo: duk baƙon da ya shigo shago sai ya gabatar da ni, "Wannan shi ne habir ɗinmu, idan kana da kuɗin da ke buƙatar wanka."

Kiran Kano shi ya fi wuya. Kafin in buɗe baki Maman Sadik ta ce dillalai biyu sun zo, kawunta na tambaya ko za a samu kujerar Umara, kuma ta riga ta gaya wa mai gidan haya cewa zamanmu ya kusa ƙarewa. Wai mahaifiyarta kawai ta faɗa wa. Da na gama bayani sai ta ce, "To burushin fa, ka ci gaba da amfani da shi?" (Na ci gaba. Sabo ne.)

Bayan kamar mako guda, da zafin ya ɗan lafa, na koma na nemo bidiyon nan da ya jefa ni cikin wannan hali, da niyyar in rubuta wa mai shi baƙar magana. Na kunna daga farko. Ya zo daidai inda yake cewa kuɗinsa ya isa ya sayi gida, inda kullum nake dakatarwa in kifa waya a ƙirji in shiga gina bene a zuci. Wannan karon na bar shi ya ci gaba. Maganar da ta biyo baya, ba tare da ko numfashi a tsakani ba, ita ce: amma ku yi hattara, kada wanda ya tsinci marar harafi a cikin canji ya ruɗe, wannan na Filadelfiya ne, ba shi da wata daraja. Ya ƙara da cewa, kuma don Allah, kome ya faru, kada ku goge sule.

Minti biyu kacal suka rage a bidiyon. Sau fiye da goma na kalle shi ban taɓa kai wa ƙarshe ba.

Yanzu idan ana magana ina bari a kai aya kafin in fara rawa. Idan kuma tsoho mai koɗaɗɗiyar jallabiya ya yi mini tambaya mai sauƙi yana cewa "Ma sha Allah", nakan ajiye cokali in tambaye shi tukuna: "Baba, da can wace sana'a ka yi?"